Dutsen da Na Sa a Aljihu

Ku 'ya'yana, da jikokina waɗanda suka iya karatu, kun taso kuna jin cewa iskokin tabki ne suka riƙe kakanku Malam Arzika cikin laka yini da kwana, suka kuma ɓoye dutsensa don kada a fita nemansa. Haka aka gaya muku, haka ni ma na bari aka yi ta faɗa fiye da shekara talatin, har da ni cikin masu gyaɗa kai. Ba haka aka yi ba. Babbarku Hadiza ta daɗe tana damuna in rubuta tarihina, tana tsammanin labarin lakwal, wato makarantar boko, za ta samu, da aikin siminti, da yadda na auri uwarku. Waɗannan kun ji su har kun gaji. Wannan shi ne wanda ba ku sani ba, kuma gara in rubuta shi tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Waɗanda aka haifa a Konni cikinku ba su san kurmin ƙauyenmu ba sai hange daga kan hanya, to bari in kwatanta muku. Duwatsu ne suka yi zobe gabas da gari, suka bar ƙofa ɗaya tak, inda wata tsohuwar tsamiya take. Daga tsamiyar hanya ta shiga cikin itatuwa, ta bi gefen tabki uku, ta zagayo ta dawo gindin tsamiyar nan dai. Tafiya ce 'yar kaɗan, babu hawa babu gangara. Macen da ta ɗora wake a wuta tana iya zagayowa ta dawo bai nuna ba. Tabkin farko na mata ne, nan ake wanki da ɗibar ruwa. Na biyu na shanu ne, nan Fulani ke shayarwa. Na uku yana can ƙurya, bayan wani dutse da ya turo goshi kan hanya. Shi ake ce wa Baƙin Ruwa, itatuwan giyayya sun kewaye shi, rana ba ta cika sauka kansa ba. Bayan damina ruwansa yakan ja baya ya bar laka, samanta ya bushe ya tsattsage ka rantse ƙasa ce mai ƙarfi, alhali ƙarƙashi taɓo ne da ya fi tsawon mutum. Kuma duwatsun nan ba su barin murya ta fita. Ka yi ta ihu a can har maƙogwaronka ya bushe, wanda ke tabkin shanu ba zai ji komai ba.

Saboda haka kakanninmu suka yi dabara. Duk wanda ya isa shiga kurmi shi kaɗai yana da ɗan dutsensa da ya zaɓa da kansa, kuma gari duka ya san shi kamar yadda aka san fuskar mai shi. Duwatsun suna zaune cikin wani fasasshen tulu a gindin tsamiya. In za ka shiga, ka ɗauki naka ka ɗora a kan falalen dutsen da ke gefen hanya. In ka fito, ka sauke ka mayar cikin tulu. Ba a taɓa dutsen wani. In mutum ya kasa fitowa da ƙafarsa, wanda ya fito da shi ne ke sauke masa, a gaban jama'a, ya faɗi yadda aka yi. Kullum da la'asar akwai mai zuwa ta duba falalen. A zamaninmu Iya Kulu ce, wata tsohuwa da mijinta ya daɗe da rasuwa, gidanta ne na ƙarshe a bakin gari. In ta ga dutse ya saura sai ta buga wata tsohuwar garma da ƙarfe, maza su ɗauki igiya su shiga. Dutsen Baba fari ne sol, da jan zare a tsakiyarsa, girmansa kamar ƙwan zabo, ya yi santsi don daɗewa a hannu.

A shekarar da nake ba ku labari ina da shekara talatin da 'yan kai, ina aiki a kamfanin siminti na Malbaza, ina da agogo da keke, kaina kuma ya kumbura. Na fara zama wurin karatun wani malami mai zafin wa'azi. Ban ɗora masa laifi ba, ko labarin duwatsunmu bai taɓa ji ba. Ni ne na ɗauki abin da ya faɗa a kan tsafi na auna shi da tulun gindin tsamiya, na yanke hukunci ni kaɗai. Gaskiya akwai masu cewa iskokin kurmi suna ƙirga duwatsun, akwai kuma tsofaffin da ke ɗan motsa baki in za su ɗora nasu, sai na yi wa kowa kuɗin goro. Duk zuwan da zan yi gida sai na tayar da zancen a kan tabarmar cin abinci. Inna takan ce in bar mutane su ci tuwo cikin salama, wai tun da aka ɗaura mini agogo bakina bai huta ba. Baba kuwa ba mai gardama ba ne. Yakan bar ni in zuba har in gaji, sannan ya turo mini kwano ya ce miya tana hucewa. Wannan ya fi ƙona mini rai fiye da a ce zagina ya yi.

Da kaka, ana tsakiyar yankan gero, zazzaɓi ya kayar da ni, aka ba ni hutun mako guda na zo gida. Allurar likita ta sauke shi amma bai tafi duka ba, kowace yamma sai ya dawo. Ran Talata da safe ina kwance a rumfa na ji Baba yana gaya wa Inna zai je gaisuwar rasuwa wani ƙauye arewa da mu, in dare ya yi masa zai kwana can wurin ƙanwarsa. Inna ta bi shi da mita kamar kullum, wai ya ɗauki bargo, sanyi ya fara sauka, shi kuma ya ce ai ba ƙaura zai yi ba. Ya leƙo rumfa ya taɓa goshina da bayan hannunsa, ya fita. Ban lura ya ɗauki ƙaramin gatarinsa ba.

Da hantsi na ji dama-dama, na fita miƙe ƙafa, ƙafar ta kai ni gindin tsamiya. Dutse huɗu ne a kan falale. Uku na matan da suka shiga itace ne, na huɗu kuwa, a can gefe, fari ne da jan zare. Na tsaya ina dubansa raina yana tafasa: mutumin da ba ya rasa sahun farko a masallaci, ga shi ya rusuna ya ɗora dutse kamar kowa. Na sa gefen takalmi na share ukun nan suka faɗa cikin ciyawa. Na Baba kuwa na ɗauka na jefa a aljihu, da nufin in ya dawo in ajiye masa shi kusa da kwanon tuwo mu ji abin da zai ce. Ku lura da wannan, don ba na so ku nemo mini uzurin da ba ni da shi: na san ma'anar dutse a kan falale. Na san Baba yana cikin kurmi a lokacin. Sai na ce wa kaina ai yanzu zai fito ya wuce gaisuwarsa.

Bayan la'asar Iya Kulu ta yi sallama a gidanmu. Gida-gida take bi. Ba ta zauna ba, ta tsaya tsakar gida dogare da sandarta, ta ce wani ya share falale, matan da suka fito cikin ciyawa suka tsinci duwatsunsu. Ta zazzage tulu ta duba ɗaya bayan ɗaya, na kowa yana nan sai na Malam Arzika. Inna ta ce ta kwantar da hankalinta, Malam ya tafi gaisuwa, can zai kwana, dutsen kuwa sau nawa yana manta shi a aljihu sai wajen wanki ta tsince shi. Sai tsohuwar ta juyo gare ni.

"Kai hwa, Sahabi? An gan ka wajen tsamiya da hantsi. Ba ka ga komi ba?"

Dutsen yana aljihuna na dama, ina jin sanyinsa a cinyata. Kalma ɗaya ta isa. Da na fito da shi da ta buga garma, da kafin magariba an kai gare shi. Amma sai in tsaya gaban Inna da tsohuwar nan in ce ni ne, ni mai agogo mai wa'azi, na yi aikin da ko mahaukaci bai taɓa yi ba a garin nan. Na ce wa kaina yana can wurin ƙanwarsa yana shan fura.

"Ban ga komi ba, Iya," na ce.

Ta daɗe tana dubana, sannan ta juya ta fita. Ba a buga garma sai an ga dutse, haka dokar take, don kada a saba tayar da maza a banza har su daina fitowa. Ran nan ba a buga ba.

Ban runtsa ba. Gari na wayewa, ana fitowa daga sallar asuba, na nufi tsamiya ban gaya wa kowa ba. Na shiga ban ɗora komai ba, nawa dutsen ma na daɗe da jefar da shi. Hanyar nan na bi ta sau ɗari tun ina ƙarami, amma ban taɓa jin ta kamar safiyar nan ba. Tabkin mata babu kowa, sai wani zane da aka manta a kan ƙaya yana ɗigar raɓa. Tururi yana tashi daga ruwan, sanyi yana shiga ƙashi. Abin da ya fara tsorata ni shi ne shiru. Kurmin nan da safe kunne ba ya hutawa da kukan kurciya da kwaɗi, amma ran nan takuna kaɗai nake ji, kuma sau biyu na tsaya cak don na ji kamar takun ya ci gaba bayan na tsaya. A tabkin shanu na tarar da Altine, wani Bafulatani da ke sauka kusa da garinmu kowace kaka. Shanunsa sun ƙi shan ruwa, sun tsaya cirko-cirko, duk sun juya kai wajen ƙurya. Ya ce tun da ya kawo su haka suke. Na ce ya biyo ni da igiya da bijimi guda, bai tambaye ni dalili ba.

Da muka kewaya goshin dutsen, takalman Baba na fara gani, an jera su a kan busasshiyar ƙasa. Kusa da su ga gatari, ga ɗaurin ɓawon giyayya an ɗaure shi tsaf da kaba. Ɓawon giyayya ake dafa wa mai zazzaɓin da ya ƙi tafiya, kuma a gidanmu mutum ɗaya ne ke zazzaɓi. Sannan na gan shi. Ya gama saran ne ya nufi bakin ruwa don ya wanke hannu, ƙasa ta ɓurma da shi. Laka ta kai masa ƙirji, ya kama saiwar giyayya da hannu ɗaya, ya ɗaure hannun da rawaninsa don kada ya saki in barci ya ɗauke shi. Fuskarsa ta yi toka-toka, sauro sun yi mata kaca-kaca. Na ɗauka ya rasu, sai ya buɗe ido. Muryarsa ta dishe ƙwarai, sai da na kwanta rub da ciki na ja jiki kusa sannan na ji abin da yake cewa.

"Na san za a taho. Na aza dutsina." Ya huta, sannan ya ce, "Kulu ta makara."

Muka zura masa igiya ƙarƙashin hammata, bijimi ya ja a hankali, laka ta sake shi da wani sauti da har yau nakan ji in na ciro ƙafa daga taɓo. Na goya shi. Hanyar nan ta 'yar kaɗan ban san ta da tsawo ba sai ran nan. Dutsensa yana aljihuna, tsakanin cinyata da ƙafarsa, kowane taku sai ya buge mu duka biyu.

Kwana uku ya ƙara a duniya. Sanyi ya kama masa ƙirji, muka ɗauke shi a amalanke zuwa likita a Alela, amma lokaci ya riga ya ƙure. Kafin a fita da shi sai da ya sa Inna ta dafa mini ɓawon nan, wai kada wahalarsa ta tafi a banza, ya kuma zuba mini ido har na shanye. Zazzaɓin ya tafi bai dawo ba. Duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya gaya masa shi fa ya ɗora dutsensa, da hannunsa ya ɗora. Bayan rasuwar gari ya rabu biyu, masu cewa iskoki suka ɗauke, da masu cewa idon Iya Kulu ne ya mutu, ta share da kanta ba ta sani ba. Ni kuwa aka yi ta sa mini albarka, wai ɗan kirki ne jikinsa ya ba shi, ya tashi da zazzaɓi ya nemo ubansa. Iya Kulu ba ta kare kanta ba. Ta kai garma ƙofar mai gari ta ajiye, daga ran nan mata suka rage shiga gidanta, har wuta aka daina zuwa ɗiba. Na ga duk wannan da idona, na yi shiru.

Kafin in koma Malbaza na saci jiki na mayar da dutsen cikin tulu, can ƙasa. Washegari aka wayi gari yana kan falale. Babu wanda ya yarda ya taɓa shi, aka zuba mini ido in sauke a gaban jama'a in faɗi yadda aka yi, tunda ni na fito da mai shi. Na ce kowa ya san ni ba na wannan al'ada. Da tsakar rana, lokacin da mutane ke gona, na ɗauke shi na tura cikin kogon tsamiyar iya tsawon hannuna. Da na zo hutun ƙarshen wata yana kan falale, a daidai gefen da na fara ganinsa. Karo na uku na ɗauke shi na shiga kurmi, na tsaya inda takalman Baba suka tsaya, na wurga shi tsakiyar Baƙin Ruwa iya ƙarfina. Na ga inda ya faɗa, na ga ruwa ya rufe. Wata biyu ina barci kamar mutum. Sai wani ɗan garinmu ya zo Malbaza sayayya, muna cin abinci ya ce, af, dutsen Malam ya dawo, da safe aka tarar da shi a jiƙe, da baƙar laka a jikinsa. Uwarku tana nan, ta ga na ajiye loma na fita, ta ɗauka kewar uba ce.

Shekara shida bayan haka Iya Kulu ta kwanta ciwon ajali, ta aika a kira ni. Na tarar da ita ta zama ƙashi da fata, ta sa jikarta Rabi ta fita ta ja mana ƙofa. Ta ce ta gan ni ran nan daga bayan danga tana shanyar kuɓewa, ta ga na sa ƙafa na share. Ɗaukar ce ba ta gani ba, sai da ta tsaya tsakar gidanmu tana tambayata ta lura hannuna bai bar bakin aljihu ba.

"Na so in buga garma," in ji ta. "Sai nic ce in na buga sai na hwaɗi dalili, in tona ɗan Arzika gaban uwatai. Kunya ta kashe shi, Sahabi, taka da tawa."

Na yi kuka a gabanta, kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da na natsu na tambaye ta zancen dutsen. Ta ce ita ta ciro shi daga tulu, ita ta zaro shi daga kogo da maƙata, don in zo in sauke shi yadda ake yi in huta, ita ma ta huta. Na ce to Baƙin Ruwa fa, wa ta sa ya shiga ya lalubo shi? Ta juyo da kai a hankali ta dube ni.

"Wane Baƙin Ruwa? Sau biyu na aza shi. Na ukku, ni ma ishe shi na yi."

Na yi shekaru ina neman bayani. Na ce ko wani ne ya samo mai kama da shi, na je na duƙa na duba: shi ne, har ɗan ɓallin da ke gefe ɗaya. Na ce ko masu su ne suka jawo shi, amma ba a su a Baƙin Ruwa, ba a taɓa yi ba. Ni ban ce iskoki ne ba, ban kuma ce ba su ba ne, na bar wa Allah saninsa. Abin da na sani shi ne ba su suka ɗauke shi ran Talatar nan ba. Bayan kwana biyu Iya Kulu ta rasu, da sunan tsohuwar da ta makara. Inna ta rasu tana sa mini albarka. Duk biyun na raka su makwanci ban buɗe baki ba, kuma wannan shi ya fi ci mini rai yanzu da na tsufa.

Watan jiya na sa aka kai ni ƙauye. Tulun ya daɗe da ƙarasa fashewa, tsohuwar robar fenti ce a madadinsa. Samari kowa da wayar salula a hannu, amma salula ba ta kamawa a Baƙin Ruwa, don haka har yanzu ana ɗora dutse. Rabi ce ke dubawa, ita da kanta ta je ta karɓo garmar kakarta bayan ta girma. Na zagaya tabkunan uku da sandata, ina hutawa a kowanne, tsuntsaye suna ta kukansu ba ruwansu da ni. Da na fito na tarar da Rabi a gindin tsamiya, ta zo duban la'asar. Mun gaisa, ta duba falale, ta ce kowa ya fito sai Malam. Haka take faɗa kullum, in ji ta, haka wadda ta gabace ta ma take faɗa. Farin dutsen yana nan a gefensa, an bar masa fili, ba wanda ke ɗora nasa kusa da shi.

Na aika wa mai gari, na aika wa Rabi da sauran jikokin Iya Kulu. Juma'a ta farko bayan an gama yankan gero, in an sauko daga masallaci, zan je gindin tsamiya in sauke shi a gaban jama'a, in faɗi yadda aka yi. Na so ku fara ji daga hannuna kafin ku ji a bakin gari. Wanda ya ji ba zai iya dubana ba bayan wannan, ban ga laifinsa ba. Wanda kuma zai iya zuwa cikinku ya zo ya tsaya kusa da ni, don in na duƙa yanzu ba na iya miƙewa sai an kama ni.